Zan kai Baba ya ga tashar ruwan Hong Kong da dare, ta ina za mu fara?

Mai Sola:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taka Hong Kong da ƙafarsu.

Ƙarshen watan Oktoba in Allah ya kai mu zan je baje kolin Canton a Guangzhou. Harkar sola nake yi, batura da inbata da fanel. Wannan karon da mahaifina zan tafi. Shi tsohon ɗan kasuwa ne, agoguna da rediyo ya sayar a Sabon Garin Kano tun kafin a haife ni, kuma yawancin kayan da ya riƙe a wancan zamanin daga Hong Kong suke fitowa, amma bai taɓa zuwa ba, ta hannun dilolin Legas yake saye. Akwai wata kalanda da ta daɗe a rataye a shagonsa har launinta ya koɗe, hoton tashar ruwan garin ne da dare, benaye reras a bakin teku, ga dutse a bayansu. Da ya ji inda za ni sai ya ce in dai garin ba shi da nisa daga can, yana so ya ga wurin nan da idonsa tun ƙafa tana ɗaukarsa.

Abin da ke damuna gwiwarsa ce. Yana tafiya da sanda, matakala tana ba shi wahala, doguwar tsayuwa kuma ta fi matakalar. Ga shi ba mutum ne mai wasa da lokacin salla ba, kuma abin da bai tabbatar da halaccinsa ba ba ya kai shi baki. To ta ina ake ganin wurin da kyau ba tare da an gajiyar da dattijo ba? A wane ɓangaren garin ya kamata mu sauka? Na ga ana tallar jiragen yawon dare masu tsada da kuma wani wasan fitilu da ake yi, shin sun cancanci kuɗin da wahalar? Sannan bizar Chaina da muke nema za ta shigar da mu, ko sai an nemi wata?

Bakatsinen Kowloon:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, ya ƙara wa Baba lafiya. Na zauna a garin ina aikin tura kaya, na kuma raka baƙi bakin ruwan nan har da dattawa, don haka bari in gaya maka yadda zan tsara abin da a ce mahaifina ne.

Mu fara da biza, don ita ke wargaza wa mutane shiri. Bizar Chaina ba ta shigar da mai fasfo ɗin Najeriya Hong Kong. Garin yana ƙarƙashin Chaina tun 1997, amma hukumar shige da ficensa daban take, bizarsa ma daban, kuma tana ɗaukar makonni, ka nema tun yanzu. Abu na biyu, ranar da kuka tsallaka daga Guangzhou zuwa Hong Kong an lissafa kun fita daga Chaina. Idan bizarku ta shiga sau ɗaya ce, ba za ku koma ba. Ko dai ku nemi ta shiga biyu, ko ku gama harkar baje kolin kakaf ku ba wakilinku kaya, sannan ku tsallaka ku tashi gida daga filin jirgin Hong Kong. Saboda Baba na fi son na biyun, ba komawa baya da jakunkuna.

Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa West Kowloon kamar awa ɗaya ne. Tun 2018 aka buɗe layin, kuma a cikin tashar West Kowloon ɗin ake yin binciken fasfo na ɓangarorin biyu. Tashar tana da faɗi, akwai tafiya a cikinta, ka riƙe wa Baba kayansa ku bi alamun lif.

Yanzu ga yadda wurin yake. Abin da ake kira Victoria Harbour mashigin teku ne tsakanin tsibirin Hong Kong ta kudu da Kowloon ta arewa. Hoton da ke kalandar Baba, benaye da dutse a bayansu, tsibirin ne. Wanda yake kan tsibirin kuwa yana cikin benayen, ba ya ganin su. Sai ka tsaya a Kowloon ka fuskanci kudu. Saboda haka ku sauka a unguwar Tsim Sha Tsui, a nan bakin ruwan yake, a nan babban masallacin yake, a nan abincin halal ya fi yawa.

Masallacin Kowloon yana kan titin Nathan, jikin lambun Kowloon, daidai ƙofar fita ta A1 ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Fari ne mai ƙubba da hasumiya huɗu, ba ya ɓata. Ginin yanzu na 1984 ne, amma tun 1896 akwai masallaci a wurin, an gina shi ne saboda sojojin Indiya Musulmi da Turawan Ingila suka kawo. Ku yi la'asar a can, Baba ya huta a sanyi, sannan ku gangara. Mai ƙarfi minti goma zai kai shi bakin ruwa, ku dai ku ɗauki tasi ku ce a kai ku tashar jirgin fito ta Star Ferry, kuɗi kaɗan ne. A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida, don haka biyar da kwata ta same ku a can.

Kusa da tashar jirgin fiton akwai wata hasumiyar agogo ta jan bulo, tsawonta mita 44, an gama ta a 1915. Ita kaɗai ta rage daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke zuwa Canton, wato Guangzhou. Mai sayar da agogo zai so ya tsaya a gabanta. Akwai wuraren zama a kewayen, ku zauna ku jira rana ta yi ƙasa.

Ga ainihin shawarata: kada ka kashe kuɗi a jirgin yawon dare tukuna. Ku hau Star Ferry, jirgin fiton da ma'aikata ke hawa su koma gida. Kuɗinsa bai kai dalar Amurka ɗaya ba, yana tashi duk bayan 'yan mintuna har wajen sha ɗaya da rabi na dare, kuma tsallakawar ba ta cika minti goma ba. Jiragen kore da fari ne, hawa biyu, gaba da baya iri ɗaya, don ba sa juyawa. Kujerun katako ne, majinginarsu tana juyawa, kana tura ta da hannu ka fuskanci inda jirgin ya nufa. Ku shiga ta hawan ƙasa, ta nan ake shigar da masu keken guragu, matakala ba ta da yawa. A can ƙasan kana jin warin gas da rugugin inji a tafin ƙafarka, ruwan yana kusa da kai har yana fantsamo maka. Ka sa ido a kan ma'aikacin da ke bakin gaɓa, sanye da shuɗin kayan matuƙa jirgi irin na da, riƙe da doguwar gora mai ƙugiya. Na cikin jirgi zai wurgo igiya mai kauri kamar damtse, shi kuma ya cafe ta da ƙugiyar ya ɗaura, ba magana, ba kallon juna. Sai an ɗaure sannan a sauke gadar fita. Gadar tana motsi da ruwa, a nan kaɗai za ka riƙe hannun Baba gam.

Lokacin da nake so ku kasance a tsakiyar ruwa shi ne bayan rana ta faɗi amma duhu bai rufe ba. Sama tana da sauran shuɗi, dutsen yana nan baƙi ƙirin ana ganin iyakarsa, fitilun ofisoshi suna kamawa bene bayan bene. Idan duhu ya gama rufewa fitilu kaɗai ake gani, dutsen ya ɓace, kuma rabin kyan wurin dutsen ne. Daga gaɓa benayen hoto ne kawai. Daga cikin jirgi kuwa tasowa suke yi suna ƙara tsawo har sai ka ɗaga kai hularka tana neman faɗuwa. Waɗanda ke zaune kusa da ku ko ɗago kai ba za su yi daga wayoyinsu ba, su hanyar gida ce. Maganar magariba, Baba ya fi ni sanin hukuncin matafiyi. In yana so ya yi ta a kan lokaci, ku tsallaka ku dawo a jirgi na gaba, ku ɗauki tasi zuwa masallaci, ba za ku makara sosai ba.

Wannan fiton tun 1888 ake yin sa. Wani ɗan kasuwa Bafarise daga Bombay mai suna Dorabjee Naorojee Mithaiwala ne ya kafa shi, kuma kowane jirgi sunansa yana ƙarewa da Star. An haƙa hanyar mota ta ƙarƙashin ruwan a 1972, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma ya biyo baya, amma mutanen garin ba su bar shi ba. A 1966 da aka yi niyyar ƙara santi biyar a kuɗinsa sai da aka yi tarzoma a Kowloon.

Ka shirya wa Baba zuciyarsa da abu ɗaya: ba zai ga hoton kalandarsa daidai ba. Ruwan ya tsuke, an yi ta cike gaɓa da ƙasa ana gini a kai ta ɓangarorin biyu, har aka yi dokar kare mashigin a 1997. Benayen da suka fi ɗaukar ido kuma duk daga baya aka gina su. Wanda yake tsaye kusa da inda jirgin zai tsaya a unguwar Central ta kan tsibirin shi ne benen IFC na biyu, ya haura mita 400. Mai zanen kusurwoyi uku-uku da farin haske Bankin Chaina ne, na 1990. Ta hagu a Wan Chai, ginin da rufinsa ya baje a kan ruwa shi ne zauren taron da aka yi bikin miƙa mulki a daren 30 ga Yuni 1997. Idan kuka waiwaya Kowloon za ku ga ICC, mita 484, shi ne mafi tsawo a garin. A zamanin Baba ba a yin dogon gini a Kowloon, saboda filin jirgin Kai Tak yana cikin gari, jirage suna saukowa ta kan rufin gidaje, sai da aka rufe shi a 1998 aka sake su. Manyan jiragen kwantena kuma ba za ku gan su jibge a nan ba, tashoshinsu suna Kwai Tsing ta yamma. Masana'antun agogo da rediyon ma yawancinsu sun tsallaka cikin Chaina tun daga shekarun 1980, su ne jikokinsu kake sayen inbata a hannunsu.

Wasan fitilun kuwa, ƙarfe takwas na dare aka saba yin sa, kamar minti goma, tun 2004. Ni ban ga abin da zai sa dattijo mai ciwon gwiwa ya tsaya cikin turmutsutsu dominsa ba. Benayen da ma a kunne suke, ana dai ƙara musu hasken leza da kiɗa.

Hajiya Mai Leshi:

Sannu ɗana, Allah ya ba ka masu yi maka. Duk abin da Alhaji na sama ya faɗa a kan jirgin fito gaskiya ne, amma ban bi shi a kan wasan fitilun ba. Shi ya zauna a garin, ya gani har ya ƙoshi. Wanda ya taso daga Kano da shekarunsa, ya zo gani ɗaya, a bar shi ya ga komai. Na kai yayata, ita ma ba ƙafar kirki gare ta ba, kuma har yau idan aka yi zancen tafiyar abin da take fara ambata ke nan. Dabarar ita ce kada ku tsaya. A bayan hasumiyar agogon, gaban gidan al'adu na garin, akwai dandalin kallo mai hawa biyu da wuraren zama. Ku je tun bakwai da kwata ku kama wuri da ruwan shanku. Idan aka gama kada ku tashi da jama'a, ku ƙara minti goma sha biyar, wurin zai sake. Ku dai tambaya a masauki ko za a yi a ranar, don ana soke shi idan yanayi ya ɓaci.

Abinci shi ne nawa. Ɗana, mutanen nan alade ne tushen girkinsu. Ko ka ce a ba ka kaza ko ganye, romon da aka dafa taliyar na ƙashin alade ne, kuma wasu kayan fulawar da kitsensa ake yi. Kada ka dogara da ido. Ka nemi takardar shaidar halal a manne a ƙofa, wadda amintattun al'ummar Musulmin garin ke bayarwa. Kewayen masallaci akwai gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya da Turkawa, shinkafa da nama da gurasa, cikin Baba ba zai yi baƙunta ba. Amma ka kai shi Masallacin Ammar a Wan Chai, titin Oi Kwan. A hawa na biyar akwai wurin cin abinci na Musulmin Chaina, a nan za ku ci dim sum na halal, ƙananan ƙunshin fulawa da aka cusa wa nama ko jatan lande aka turara a kwandon gora. Suna zuwa da zafinsu, uku ko huɗu a kwando, fatar wasu har kana hango abin da ke ciki. Da rana ake yin su, ku je azahar ku haɗa salla da ci. Akwai lif. Kuma daga Tsim Sha Tsui akwai jirgin fito da ke zuwa Wan Chai kai tsaye, kun ƙara ganin ruwan da rana ke nan.

Za a ce maka ku sauka a Chungking Mansions saboda araha da 'yan'uwa. To ka ji daga bakin wadda ta kwana a ciki. Gini ne mai hawa 17 a kan titin Nathan, tun 1961, ƙasansa kamar ka ɗauki Kantin Kwari ka tura shi cikin bene guda: 'yan canji, masu waya, masu abinci, ɗan Afirka da ɗan Indiya da ɗan Nepal kowa na kiran kowa. Ku shiga ku yi canji, ka zaga ka kwatanta farashi kafin ka miƙa kuɗi, dalar Amurka ɗaya tana kan dalar garin 7.8 ko kusa da haka. Ku ci abinci, ku gaisa da mutanenmu. Amma kwana da dattijo, a'a. Lif ɗin ƙanana ne, layi ake bi, ɗakunan kuma gado ya cinye su, wurin shimfiɗa sallaya ma sai dabara. Ka ƙara kuɗi ka nemi otal a gefen titunan baya, kuma ka tambayi girman ɗakin kafin ka biya, don ɗakunan garin gaba ɗaya matsattsu ne.

Ka saya muku katin Octopus kowa da nasa, da shi ake biyan jirgin fito da bas da jirgin ƙasa, har ruwa a kanti. Ba a ci ba a sha a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma tarar zubar da shara a titi mai nauyi ce, in Baba mai cin goro ne ka riƙe masa 'yar leda. Ka tafi masa da rigar sanyi mara nauyi saboda iskar bakin ruwa da sanyin na'ura a cikin gine-gine. Masu tare mutum a titin Nathan da tallar ɗinkin kwat da agogon jabu kuwa, Baba zai fi ka iya sallamarsu.

Malamin Zazzau:

Ban da abin ƙarawa a kan masauki da abinci. Abu ɗaya nake so in sa a kunnenka, tunda mahaifinka Bakano ne kuma dattijo.

Dutsen da ke bayan benayen, Victoria Peak, tsawonsa mita 552. A kusa da ƙololuwarsa akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta zagaye shi, kuma daga kanta ake ɗaukar hoton da ya fi shahara na tashar daga sama. Allon hanyar an rubuta Lugard Road. Gwamna Lugga ne, namu dai. Shi ne babban kwamishinan Arewa daga 1900 zuwa 1906. A ƙarƙashinsa aka ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. Da ya bar Arewa sai aka tura shi Hong Kong, ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, sannan ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairun 1914.

Abin da ya tsaya mini a rai lokacin da na taka hanyar shi ne wannan: a can babban abin da ake tuna shi da shi jami'a ce. Shi ya dage sai an kafa Jami'ar Hong Kong, aka kafa ta a 1911. Arewar da ya fara mulka kuwa sai 1962 ta samu jami'arta ta farko a Zariya, bayan Turawan sun tafi. Mutum ɗaya ne, daula ɗaya yake yi wa aiki, amma abin da aka ga ya dace da tashar kasuwanci daban, abin da aka ga ya ishe mu daban. Kada kuma a ɗauka su sun same shi da sauƙi. Tsibirin nan da yaƙi aka karɓe shi daga hannun Chaina, yaƙin da aka yi don a tilasta musu sayen ƙwayar opiyam, aka rattaba hannu a 1842. Kowloon ta biyo baya a 1860, sauran yankin kuma aka karɓe shi haya ta shekara 99 a 1898, wadda ƙarewarta ce ta kawo 1997. Duk hasken da za ku gani a kan wannan tarihin yake zaune, kuma ina ganin ya kamata mai kallo ya sani. Ka nuna wa Baba allon, ka bar shi ya faɗi abin da zai faɗa.

Mai Sola:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba duka bayan isha'i. Maganar biza ta sa na kira wakilinmu yau da safe, za mu gama da Guangzhou sannan mu tsallaka mu tashi daga can. Hajiya, an bi shawararki, za mu zauna mu kalli fitilun, kuma ya ce a gaishe ki. Malam, da na zo kan zancen Lugga sai da ya sa na maimaita, ya ce kakansa yana yaro aka shiga Kano, kuma lallai sai ya hau dutsen nan. To Alhaji Bakatsine, ga sabuwar tambaya: mai sanda zai iya wannan hanyar? Kuma yaya ake hawa?

Bakatsinen Kowloon:

Zai iya, in kun bi a hankali. Hanyar Lugga shimfiɗaɗɗiya ce, kusan babu hawa babu gangara, an yi mata dogari ta gefen kwari, kuma bishiyoyi sun yi mata inuwa. Zagayen duka ya kai kilomita uku da rabi, amma ba ku buƙatarsa. Daga inda mota ke sauke mutane zuwa inda bishiyoyin ke buɗewa a ga tashar gaba ɗaya, mai ƙarfi minti ashirin ne, ku ku ba shi ninkin haka da hutawa, sannan ku juyo ta inda kuka zo. Kyauta ce. Idan ka ga gwiwar ta soma magana tun farko, ku tsaya a allon sunan da ke bakin hanyar, sannan ku koma ginin Peak Tower ku hau rufinsa da tikiti, ko ku tsaya a 'yar rumfar kallon da ke gefensa wadda ba a biya.

Hawan dutsen hanya uku ne. Akwai taragon da igiyar ƙarfe ke ja, shi ma tun 1888 yake aiki. Yana miƙewa sama har ka ga benayen da ke gefe kamar sun karkace, kuma idan za ku hau ku zauna ta hannun dama. Matsalarsa layi, musamman da yamma da ƙarshen mako, kuma layin a tsaye ake bin sa. Akwai bas mai lamba 15 daga Central, mai hawa biyu, yana da araha amma hanyar lanƙwashe-lanƙwashe ce, mai jiri ba zai ji daɗinta ba. Sai tasi. Don Baba, ku hau da tasi, ku sauko da taragon idan kun ga layin da sauƙi. Ku zaɓi ranar aiki, kada ku je Asabar ko Lahadi.

Kada ka haɗa dutsen da jirgin fiton a yamma ɗaya, kowanne ka ba shi tasa, jirgin ya zama na farko. Kafin ku fito ka leƙa ta bakin ruwa ka dubi kan dutsen. Idan gajimare ya rufe shi, ku fasa, za ku hau ne ku ga fari fat. Sa'arku ita ce ƙarshen Oktoba da Nuwamba suna cikin lokacin da sama ta fi washewa kuma zafi ya sauka. Masu zuwa baje kolin Afrilu su ne ke fama da hazo. Guguwar teku ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, amma takan makara ta zo a Oktoba. Idan ka ga an manna alamar lamba 8 a ƙofar otal ko tashar jirgi, to jiragen fito za su tsaya, shaguna za su rufe, ku zauna a ɗaki har a sauke ta.

A can sama babu masallaci, ku tafi da alwala da sallaya. Alƙibla yamma ce da ɗan karkata zuwa arewa. In kuna so ku haɗa da ziyara, masallacin Jamia na titin Shelley, wanda ya fi kowanne daɗewa a garin, yana gindin dutsen, kuma doguwar matakalar nan mai tafiya da kanta ta Central tana wucewa ta ƙofarsa. Sai dai da safe ƙasa take gangarowa da masu zuwa aiki, sai bayan ƙarfe goma take juyawa sama, kuma saukowa da ƙafa ne, don haka ku nemi tasi a titin da ke saman masallacin.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarku za ta shiga ba sai da adafta ba, ba kamar cikin Chaina ba. Motoci kuma ta hagu suke bi, ka riƙa jan hankalin Baba ya dubi dama kafin ya sa ƙafa a titi, musamman da yake kun saba da Guangzhou inda suke bin dama kamar gida.

Hajiya Mai Leshi:

Shi ma ka gaishe shi da kyau. Na manta abu ɗaya: ba sa buga hatimi a fasfo idan an shiga, wata 'yar ƙaramar takarda suke ba ka mai ɗauke da ranar da izinin zamanka zai ƙare. Ka karɓi taka da ta Baba ka duba ranar tun kuna gaban jami'in, ka soke su a cikin fasfo ɗin, kuma fasfo ɗin ya kasance a jikinku duk inda za ku, don 'yan sanda suna iya tambaya a titi.